Shirin da Ya Kamata A Yi Kafin Dashen Haƙori

Jama'a da yawa in sun rasa haƙori sukan bar giɓin haka nan, ko kuwa su sa haƙoran roba waɗanda ake cirewa da dare. Akwai kuma wata hanya, watau dashen haƙori. Likita yakan kafa ɗan ƙarfe mai kama da kusa a cikin ƙashin muƙamuƙi, ya zama maimakon saiwar haƙorin da ya fita, sa'an nan daga baya a ɗora sabon haƙori a kansa. Sunan ƙarfen titaniyam. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Branemark, shi ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, ya kuma yi wa mutum na farko dashen a shekarar 1965.

Abin da ake so kowa ya gane shi ne, nasarar wannan aiki ta dogara ga shirin da aka yi kafin ranar fiɗa. Ƙarfen ba ya tsayawa sai ƙashi ya riƙe shi, wannan kuwa yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Duk abin da ke hana rauni warkewa yana iya ɓata dashen.

1. Zaɓen likita

A je wurin likitan haƙora wanda Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙora ta Nijeriya ta yi wa rajista. A tambayi jimillar kuɗin aikin tun farko, da yawan zuwan da za a yi, domin ba aikin rana ɗaya ba ne.

2. Binciken baki da ƙashi

Likita zai ɗauki hoton muƙamuƙi don ya ga kaurin ƙashi da inda jijiya ta bi. In haƙori ya daɗe da fita, ƙashin wurin yakan shanye, har ya zama sai an yi masa ciko tukuna. In dasashi yana zubar da jini, ko akwai ruɓaɓɓen haƙori, tilas a yi maganinsu kafin dashe. Ba a yi wa yara sai muƙamuƙi ya gama girma, galibi bayan shekara 18.

3. Faɗa wa likita gaskiya

Kada a ɓoye ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko juna biyu. Mai ciwon sukari lalle ne ya daidaita sukarinsa tukuna. A kawo dukkan magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Magani irin su asfirin da wafarin suna hana jini tsayawa da wuri, amma kada kowa ya daina shansu da kansa sai da izinin likita. Wanda ke shan maganin ƙarfafa ƙashi, ko aka taɓa gasa masa daji a wuya ko a baki, shi ma ya faɗa.

4. Taba

Hayaƙin taba yana rage jinin da ke isa dasashi, saboda haka dashe ya fi lalacewa ga mashaya. A daina tun makonni kafin aikin, kada kuma a koma.

5. Ranar aiki

In allurar kashe zafi kaɗai za a yi, a ci abinci kaɗan, a goge baki. In za a sa mutum barci, kada ya ci kome awa 6 kafin lokacin, ya kuma zo da ɗan rakiya. A tanadi abinci mai laushi a gida, kamar koko da fate, a bari ya huce kafin a sha. Goro da ƙashi da rake a dakata da su.

Kumburi na kwana 2 ko 3 ba abin tsoro ba ne. Amma in jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko leɓe ya mutu bai farfaɗo ba har washegari, a koma asibiti nan da nan.