Cutar Fabry: lokacin da kunne, ƙafafu da jijiyoyin jini suka kamu tare

A watan Afrilu zafin N'Djamena yakan haura digiri 40, kowa na sharce gumi. Amma akwai yaron da za a ga jikinsa a bushe, yana kuka da tafin hannu da tafin ƙafa, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Sai jikin ya ɗau zafi, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, a yi gwajin taifot, ba a ga komai ba. Wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce iska ce. Bayan shekaru kunnensa ya fara ƙara, jinsa ya ragu, daga bisani ƙoda ta fara gazawa, ko ɓarin jiki ya shanye tun bai manyanta ba.

A idon iyali, waɗannan larurori ne daban-daban. Likitoci kuwa sun san wata cuta guda da ke iya haɗa su duka, ita ce cutar Fabry. Likitoci biyu ne suka fara bayyana ta a shekarar 1898, kowa a nasa ɓangaren: Johannes Fabry a Jamus da William Anderson a Ingila. Cuta ce ta gado kuma ba ta da yawa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne namiji ɗaya cikin kusan 40,000.

Tushenta ƙarancin wani sinadari ne mai suna alfa-galaktosidas A, wanda aikinsa narkar da wani nau'in kitse a cikin ƙwayoyin jiki. Idan babu shi, kitsen sai ya riƙa taruwa sannu a hankali a bangon jijiyoyin jini, da ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da ciwo, da ƙoda, da zuciya, da cikin kunne. Shi ya sa raɗaɗin hannu da ƙafa da ƙarancin gumi suke fara bayyana tun ƙuruciya, su kuma tsananta da bazara, ko da zazzaɓi, ko bayan guje-guje. Akan kuma ga wasu ƙananan ɗigo jajaye masu duhu a fata, tsakanin cibiya da gwiwa. Raunin ji yakan zo a hankali, wani lokaci kuma farat ɗaya.

Yadda ake gadonta ne ya fi taimakawa wajen gane ta. Ƙwayar halittar da ke da matsalar tana kan kuromozom X. Uban da ke da cutar ba ya ba ɗansa namiji, amma dukan 'ya'yansa mata za su gaje ta. Uwar da ke ɗauke da ita kuwa, kowane ciki yana da rabi da rabi, ɗa ko 'ya. Saboda haka tambayar da ta fi amfani tana ɓangaren uwa: akwai kawun da ƙoda ta kashe yana matashi? Akwai wanda ya kurumce ko ya shanye tun da sauran ƙarfinsa? Mata ma suna kamuwa. Sau da yawa nasu yakan zo a makare kuma da sauƙi, amma wasu yakan yi musu tsanani.

Ba duk mai waɗannan alamu ke da Fabry ba. Ciwon sukari yana lalata jijiyoyin ƙafa, ya toshe hanyoyin jini, ya kuma taɓa ji, kuma ya fi ta yawa nesa ba kusa ba. Sikila tana sa yara ciwon hannu da ƙafa. Allurai irin su jentamisin da sitireftomisin suna iya kashe ji. Waɗannan ne likita zai fara bincika.

Idan an kawar da su kuma tarihin dangi ya nuna wani abu, akwai matakan da ba su da tsada: gwajin fitsari don a ga ko ƙoda na zubar da furotin, awon hawan jini, gwajin ji, da duban ido, domin cutar tana barin wata alama a gaban ƙwayar ido wadda likitan ido ke gani da na'ura. Manyan asibitocin birnin, irin su Référence Nationale da Renaissance, nan ne za a nemi ƙwararru. Tabbatar da cutar a jikin namiji yana bukatar auna sinadarin a jini, kuma ana iya ɗiga jinin a takarda ta musamman, ya bushe, a aika ɗakin gwaji a waje. Mace kuwa sai da gwajin ƙwayar halitta.

Tun 2001 Turai ta amince da maganin da ke maye gurbin sinadarin, wanda ake sakawa ta jijiya duk bayan mako biyu, kuma a 2016 an ƙara da wata ƙwayar sha mai suna migalastat ga wasu rukunin marasa lafiya. Suna cikin magunguna masu tsananin tsada, sun fi ƙarfin yawancin iyalai a Chadi. Duk da haka sanin sunan cutar yana da amfani. Akwai magungunan hawan jini da ke kare ƙoda, da na rage raɗaɗin jijiya, da na'urar taimaka wa ji. Yaron da ba ya gumi za a kiyaye shi daga ranar tsaka, a yawaita ba shi ruwa, a daina ɗura masa maganin zazzaɓin da ba shi da shi. Za a kuma duba 'yan'uwansa maza da mata da 'ya'yan innarsa tun ƙodarsu na da lafiya.