Shukar Furanni Masu Kai Irin na Albasa

A Samaru, inda aka kafa gidan binciken aikin gona a 1922, ruwan sama yakan kai wajen inci 40 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Wannan ya ishi furannin da ke ɓoye abincinsu a ƙarƙashin ƙasa, watau albasar kwaɗi, da rumana, da baurere. Dukansu 'yan dajin ƙasar nan ne.

Da saukar ruwan fari ake binne su. Rumana tana son zurfin inci 4, tsininta sama. Albasar kwaɗi kuwa a bar wuyanta a waje. Baurere a kwantar da saiwarsa, a kafa masa sanda, gama yaɗo yake yi.

Babban abokin gabansu ruwa mai kwanciya ne, musamman a Agusta, don yana ruɓar da kan. Saboda haka a gefen farfajiya sai a ta da kunya. Inda fili ya yi ƙaranci, kamar a Sabon Gari, tukunyar ƙasa ta isa: a huda gindinta, a zuba katanga, sa'an nan ƙasa gauraye da yashi da ruɓaɓɓen taki.

In fure ya kaɗe, kada a yanke ganyen sai ya bushe, domin shi ke tara abincin baɗi.

Wajibi ne hakimai da malamansu su gargaɗi dagatai cewa baurere dafi ne mai kisa, albasar kwaɗi kuma ba ta miya ba ce. A nisanta su da yara da awaki.