Kwalbar da Ta Haɗiye Ƙwallo

An tono ta ne a wani tsohon juji a arewacin Ingila. Kwalba ce mai kauri, launinta ruwan kore-kore, wuyanta a matse ta gefe biyu, kuma a cikin wuyan akwai 'yar ƙwallon gilashi da ke kai-komo amma ba ta fita. Ba takarda a jikinta, ba kwanan wata. Yaushe aka yi ta, kuma ta ina ƙwallon ta shiga?

Masana kwalba daga gindi suke farawa. Kafin wajen 1860, mai busa gilashi kan manna sandar ƙarfe a gindin kwalba don ya riƙe ta yayin gyaran baki, idan ya ɓalle sandar sai ta bar tabo mai kaushi. Gindin wannan sumul yake. Ke nan ba ta kai wancan zamani ba.

Sai layin da mazubi ke bari a gefe. A nan ne na fi son a tsaya, domin yatsa ya fi ido gani. Ka bi layin daga ƙasa, za ka ji shi yana hawa, yana hawa, har ya ɓace ƙasa da baki kaɗan. Bakin kuwa a ɗan karkace yake, da alamar narkakken gilashi da ya zubo ya daskare. An busa jikin a mazubi, aka jefa ƙwallon, sannan wani ya liƙa bakin da hannu. Na'urar da Michael Owens ya ƙirƙira a Amurka a 1903 tana barin layi har saman baki, ke nan wannan ba aikinta ba ne.

Ƙwallon ita ta kawo sunan mutum. A 1872 Hiram Codd na Landan ya yi rajistar wannan dabara saboda lemo mai gas, wanda ke yawan fizge toshiya. Ana cika kwalbar tana kife, gas ɗin ya tura ƙwallon ta manne da zoben roba a baki, ta rufe ruf. Mai sha ya danna ta ciki da ɗan katako, matsin wuyan kuma ya tare ta kada ta dawo ta toshe hanya. Har yau ana sayar da lemo a irinta a Japan da Indiya.

Da aka wanke laka, rubutu ya fito kusa da gindi: Dan Rylands, Barnsley. Sunan Codd ba ya nan. Su biyun sun yi haɗin gwiwa, suka rabu a 1884. Saboda haka an yi ta tsakanin rabuwarsu da farkon ƙarni na 20.

Abin da ya sa irinta ta ragu a yau, yaran wancan lokaci farfasa irin waɗannan kwalabe suke yi don su ciro ƙwallon su yi wasa. Wannan ta kuɓuce musu, wani ya jefar da ita juji tun kafin su gan ta.