Gishirin da Ke Ƙona Tsiro a Lambu

'Yan'uwa manoman rani, kun sha ganin tsiron tumatir ya yi yaushi, bakin ganyensa ya ƙone, alhali kuwa ƙasa jiƙe take sharkaf. Sau da yawa gishiri ne ya yi yawa a gindinsa.

Yawancin takin zamani dangin gishiri ne, kamar kanwa. Ku yanka albasa ku barbaɗa mata gishiri, jim kaɗan za ku ga ruwa yana tsattsafowa. Haka yake faruwa da saiwa. Idan ruwan da ke kewaye da ita ya fi ta gishiri, ba ta iya sha, har nata ruwan ma ƙasa ta janye. Mutanen dā sun san wannan. A Littafin Mahukunta sura 9, da Abimelek ya rushe Shekem, gishiri ya barbaɗa a wurin.

Ido ba ya ganin gishirin da ya narke, amma wutar lantarki tana gane shi. Ruwan sama da ƙyar yake ɗaukar lantarki. Gwargwadon gishirin da ya narke a ruwa, gwargwadon yadda lantarki yake ratsa shi. Akwai ɗan ma'auni mai batir, tsawonsa kamar alƙalami. A tsoma bakinsa cikin ruwa, sai ya nuna lamba. Ana rubuta awon dS/m ko mS/cm, duka ɗaya ne.

A 1985 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa ruwan da bai kai 0.7 ba, ba shi da damuwa. Daga 0.7 zuwa 3 sai a yi hattara. Wanda ya wuce 3 yana da haɗari. Amfanin gona kuma kowa da ƙarfinsa. Albasa takan fara raguwa in ruwa ya wuce 0.8, tattasai 1.0, tumatir 1.7. Alkama tana jurewa har 4. To, rijiyar da ta yi wa mai alkama daidai tana iya cutar mai albasa.

Ku lura, in kuna narka taki don shayar da tsiron reno, gishirin taki yana hawa kan wanda ke cikin ruwan tun farko. A auna ruwan tukuna, a sāke aunawa bayan an zuba taki. In lamba ta hau, a ƙara ruwa. Sai dai ma'aunin ba ya ganin takin yuriya, gama ba ya ɗaukar lantarki sa'ad da ya narke. Shi sai a bi awon da malamin gona ya faɗa.

A ganinmu ma'auni ɗaya ya ishi ƙungiya guda. A danƙa shi ga mutum ɗaya, ya riƙa zaga rijiyoyi yana rubuta lambar kowacce, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwa yake ja baya, gishiri kuwa yana nan inda yake. Inda kuka ga fari-fari a kan ƙasa, ku yi ban-ruwa mai yawa da ruwa mai daɗi, ku buɗe magudana domin gishirin ya sami hanyar fita.