Nasiha Ga Mai Neman Motar Sukuwa Da Kuɗi Kaɗan

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani wani al'amari ya yaɗu cikin samarinmu na Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe da Kuchi, watau son gudu da mota. Yaro ya ga hoton tsere cikin wayarsa, ko ya ga 'yan birni suna murza mota ranar ɗaurin aure har ƙura ta turnuƙe, sai ya komo gida ya tsare ubansa ko ubangidansa, shi lalle a saya masa irinta. Hani kaɗai bai kashe wannan ƙishirwa ba, domin ɗan Adam tun can yana son gwada abin hawansa. Kakanninmu da doki suka yi, amma su sun san dokin da za su saya, sun kuma san filin da za su sake shi. Saboda haka ya kamata mai biyan kuɗi ya san wace mota ce mai sauƙin kuɗi, wadda hukuma ta yarda ta hau titi, kuma ina ne ya halatta a sake mata linzami.

Fasali na farko: asalin wannan wasa

Gudun mota na wasa iri biyu ne. Akwai na doguwar tafiya, gari zuwa gari, irin wanda akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Shi bikin ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, daga baya aka shigo da tseren motoci cikinsa. A 2020, da aka farfaɗo da bikin, hukumar tarayya mai kula da ƙirar motoci ta shirya tafiyar motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu. Shugabanta a lokacin Jelani Aliyu ne, wanda asalin gidansu Dogon Daji, shi ne kuwa ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a Amurka a 2007. Ashe sanin mota bai gagari ɗan ƙasar nan ba.

Iri na biyu shi ne na kewaye, kuma a kansa maganarmu take. A ƙasashen Turai akan gina hanya mai lanƙwasa cikin fili katangagge, ba kasuwa, ba garke, ba mai ratsawa, ba motar da ke zuwa daga gaba. Wasu ranaku sai a buɗe ta ga talakawa, kowa ya zo da motar da yake zuwa aiki da ita, ya biya kuɗin shiga, ya yi ta kewayawa iyakar iyawarsa, da maraice ya koma gida cikinta. Ba a ba da kyauta, ba a cewa wane ya ci. Da Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne kilisa. A Jamus akwai hanyar Nürburgring, an buɗe ta a 1927, tsawonta kusan kilomita 21, kuma a ranakun jama'a ba a barin mota ta shiga sai wadda takardunta na hawan titi suka cika.

Malamai sun san tsere ba baƙo ba ne cikin littattafanmu. Ya zo cikin Muwaɗɗa cewa an yi tseren dawaki a Madina bisa umurnin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, aka kasa su kashi biyu. Waɗanda aka yi wa horo har kitse ya zube aka ba su zango mai nisa, waɗanda ba a hora ba aka ba su gajere. Abu biyu ke nan muka ɗauka: kowace dabba da gwargwadonta, kuma mafari da matuƙa sanannu ne tun kafin a tashi. Malaman Malikiyya sun taƙaita sa kuɗi ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, abin da ba waɗannan ba kuwa sai dai a yi shi ba da ko anini ba. To, samari biyu su aje kuɗi a kan wanda zai riga isa Jega, wannan caca ce, ba wani suna gare ta.

Fasali na biyu: mece ce araha?

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kuɗin saye dabam, kuɗin riƙo dabam. Wanda ya sayi ingarma da araha, alhali ba shi da dawar ba shi, bai yi riba ba. Haka mota. Za ka ga tsohuwar BMW ko Marsandi mai babban inji, dillali yana rantsuwa kyauta ce. Ba ta faɗi kuɗi ba sai don mai ita ya gaji da ciyar da ita. Gudu kuwa yana cin abu huɗu da gaggawa: mai, da taya, da birki, da kuloci. Man da mota ke sha cikin kewaye yakan ninka na tafiyar yau da kullum sau biyu ko fiye, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma.

Saboda haka ma'aunin araha uku ne. Na ɗaya, a sami kayan gyaranta a Sakkwato ko Jega ko Birnin Kebbi cikin yini guda, ba sai an aika Legas ba. Na biyu, bakaniken garinku ya san cikinta. Na uku, shi ne mafi nauyi, in ta lalace ɗungum gidanka ba zai kwana da yunwa ba. Motar da ke kai albasarka kasuwa, ko wadda aka saya da bashi ko jarin wani, ba motar wasa ba ce. Ka kasa abin da ka tanada kashi 3: ka sayi mota da kashi 2, ka riƙe kashi 1 saboda gyaran farko. Wanda ya zuba duka wurin saye ya hau motar kwaɗayi, an kuwa san tashar da takan sauke mutum.

Fasali na uku: wace iri?

Nemi mara nauyi kafin mai ƙarfi. Mota mai nauyin kilo 1,000 ko ɗoriya kaɗan ta fi saurin tsayawa da juyawa, ta fi tausaya wa taya da birki. Shi ya sa a Turai da Amurka masu kilisa suka fi son Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, 'yar ƙarama mai kujera 2. Amma a nan kayanta ba su samuwa, cikinta kuma yana kusa da ƙasa ƙwarai, hanyar ƙauye za ta yaga shi. Abin da ya yi wa Bature araha ba lalle ya yi maka ba.

Waɗanda suka dace da mu su ne waɗanda idonmu ya saba da su a tasha. Akwai Volkswagen Golf ta uku, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, direbobin haya sun shaida haƙurinta, kayanta kuwa ko'ina. Akwai Honda Civic da Toyota Corolla masu giyar hannu, injinsu na lita 1.6 ko 1.8 ya ishi mai koyo har ya yi saura. Akwai Peugeot 406, wadda aka harhaɗa a Kaduna, ta fi su nauyi amma tana zama daram bisa hanya. Gidan Peugeot kuwa tsohon sani ne: 404 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara aiki. Ba ƙarfin inji ya ba su nasara ba, jimiri ne, sun isa sa'ad da waɗanda suka fi su gudu suka kakkarye a hanya.

Waɗannan na yanzu da na ambata, Golf da Civic da Corolla da 406, duk da ƙafafun gaba suke ja. Fa'idarsa ga mai koyo, in ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, hancin motar ne ke buɗewa waje, da ya sassauta totur a hankali sai ta komo. Mai turi da ƙafafun baya, irin BMW da Marsandi, gindinta ke zamewa, shi ne abin da samari ke sha'awa, shi ne kuma ke juya mota ta faɗa cikin 'yan kallo. Giyar hannu ta fi mai canza kanta sauƙin gyara da jure zafi. Jif da duk mota mai tsawo zuwa sama a nisance su, gama a kwana kifewa suke yi.

Fasali na huɗu: abin dubawa kafin biya

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. A ɗaga motar a dubi ƙashinta. In an taɓa yanke shi aka yi walda, ko ya karkace saboda tsohon haɗari, bar ta ko da fentinta yana walƙiya.

Sa'an nan birki. Mahayi ya san ba a yabon doki da sukuwa sai an ga zamiyarsa. Ga lissafi, ku riƙe shi: in gudu ya ninka sau 2, nisan tsayawa yana ninkawa sau 4. Motar da ke tsayawa cikin mita 20 tana gudun kilomita 60, in ta kai 120 sai ta ci mita 80. Man birki kuma yana shan laima in ya daɗe, da ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse ba komi. A zubar da tsohon duka, a sa sabo mai lamba DOT 4, wanda ba ya tafasa yana sabo sai zafi ya kai awo 230. A sa sababbin takalman birki na kirki tun ranar farko.

Sai taya. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta, lamba 4 ce: in ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da ta haura shekara 5 kada ka amince mata ko zanenta bai goge ba, domin robar ta bushe, kuma a bazararmu zafi yana wuce awo 40 a inuwa, bale bisa kwalta. Taya 4 sababbi sun fi kowane ƙarin da za a yi wa inji amfani. Haka lagireto da fanka da tiyo, a wanke, a canza abin da ya tsufa, a sake baƙin mai. Bel ɗin kujera ya zama yana kamawa, a kuma nemi hular kwano ta gaske. Kuɗin da yaro ke so ya kashe wurin huda salansa don ta yi ruri, a nan ya kamata su tafi.

Fasali na biyar: haƙƙin hukuma

Motar da za ta kai kanta fili ta komo dole ta cika sharuɗɗan titi. Sitiyarinta ya zama na hagu, domin tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, wadda aka sauya wa sitiyari da hannu kuwa a yi hattara da ita. A ga takardar kwastan, a gwada lambar da ke jikin ƙashin motar da wadda ke rubuce, kada ka sayi ta sata ko ta fasa-ƙwauri. A sami lamba, da lasin mota, da lasin direba, da shaidar lafiyar mota, da inshora. Fitilu da madubai da salansa su zauna yadda aka ƙera su. Ka sani kuma takardun inshora galibi suna cire tsere da gwajin gudu daga abin da suke biya. In ka fasa ta a fili, asararka ce kai kaɗai. Dalili ke nan da muka ce kada a sayi wadda ba a iya rasawa.

Fasali na shida: ina za a sake ta?

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Shagari da Tambuwal zuwa Jega ba filin sukuwa ba ce. Hanyar tireloli ce da 'yan kabu-kabu da amalanke da almajirai da shanun Fulani. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya. Fikihu ma ya riga doka: mahayi da mai ja da mai kora duk suna lamunin abin da dabbarsu ta taka. In haka ne ga jaki, ina ga ƙarfe mai kilo 1,000? Wanda ya murza mota cikin taron biki ya take ɗan wani, ba ya fakewa da ƙaddara, diyya na kan wuya, kunya na kan gidansu, uban da ya miƙa makulli kuma yana da nasa kaso na zargi.

A Tambuwal da Kebbe ba mu da filin kewaye. Amma mutanen da suka keɓe wa doki fili, kamar Filin Sukuwa na Kano, ba za su kasa keɓe wa mota ba. Ina kira ga attajiranmu da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, a nemi fako nesa da gari da gonaki da burtali, a shata shi, a kange 'yan kallo can nesa, a sa rana sananniya da izinin 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, a aje ma'aikacin asibiti da abin kashe wuta, mota ta shiga ɗaya bayan ɗaya, ba caca, ba ƙwaya. Kafin a sami wannan, wanda ya sayi motar ya yi tuƙin hankali da ita, ya koyi birki da kwana wurin tsofaffin direbobi, sauri ya haifi nawa.

Uba kuwa, in ɗanka ya matsa, kada ka tambaye shi gudun motar nawa ne. Tambaye shi shekarun tayarta, da ranar da aka sake man birkinta, da filin da zai kai ta. In ya amsa ukun nan, ya fara hankali. In ya kasa, riƙe kuɗinka.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu bisa hanya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Haza wasalam.