Amana a Mujallun Ilimi: Batun Wakefield

Kafin mujallar ilimi ta buga sakamakon bincike, edita kan aika maƙalar ga masana biyu ko uku na fannin su tantance ta. Sai dai waɗannan masana takarda kawai suke gani. Ba su shiga ɗakin gwaji ba, ba su ga marasa lafiyar ba. Idan marubuci ya ɓoye wani abu, da wuya su gano. Shi ya sa duk harkar ta rataya a kan amana.

A Fabrairun 1998, The Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga maƙalar likita Andrew Wakefield da abokan aikinsa 12 na asibitin Royal Free da ke Landan. Yara 12 kacal aka duba, amma maƙalar ta yi nuni da cewa wataƙila allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da larurar otizim, wadda ke dagula wa yaro magana da cuɗanya da mutane. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗi daga sama da kashi 90 cikin ɗari zuwa wajen kashi 80.

Abin da masu karatu ba su sani ba shi ne, Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka kamfanonin allurar a kotu, kuma wasu daga cikin yaran ta wannan hanyar aka samo su. An kuma yi wa yaran gwaje-gwaje masu zafi, har da ɗibar ruwan laka, ba tare da sahalewar kwamitin ɗa'a ba. Ƙa'ida ta ce duk mai bincike ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi, domin mai karatu ya san ma'aunin da zai ɗora maganarsa. Da an yi haka, da tun farko an karanta maƙalar da wani ido.

Ɗan jarida Brian Deer ne ya tona asirin a 2004, marubuta 10 kuma suka janye daga fassarar sakamakon. Duk da haka mujallar ba ta soke maƙalar ba sai a Fabrairun 2010, a shekarar da aka ƙwace lasisin Wakefield. A ganina, laifin wannan jinkiri na editoci ne, kuma ba ƙarami ba ne, domin tun 2008 hukumomin lafiya suka bayyana cewa ƙyanda ta sake samun gindin zama a Ingila da Wales.