Kiwon manyan kifaye a akwatin gilas: ruwa garau ba shi ne lafiya ba

Labarin kusan iri ɗaya ne, ko a Yamai ko a wani ɗaki na ɗan ci-rani a Faransa. Matashi ya tara kuɗi ya sa an haɗa masa akwatin gilas mai cin lita 500, ya cika shi da ruwa, ya kunna matacin da aka sayar masa, ya zuba manyan kifaye a ranar. Mako na farko sai ɗaukar hoto. A mako na biyu kifin ya daina cin abinci, yana tasowa sama yana haki, kafin a ankara ya juya ciki. Ruwa kuwa tas yake kamar na sha, shi ya sa mai shi yake rasa inda matsalar take.

Abin da ya kashe kifin ba ya ganuwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, akasari ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, ragowar abinci da kashinsa su ma suna ruɓewa su ƙara. A Kogin Isa ko tafkin Madarunfa yawan ruwa yana shanye wannan dafi. A cikin gilas babu inda zai je. Masu raba kifi da shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne: kashi na farko su mai da amoniya nitirait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jini ɗaukar iska, kashi na biyu su mai da nitirait nitirat, mai sauƙin illa. An daɗe ana cewa Nitrobacter ne ke aiki na biyun, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa a akwatin kifi na ruwan daɗi Nitrospira ne.

Ke nan babban aikin mataci shi ne zama gida ga waɗannan ƙwayoyi. Tare datti aiki ne na biyu. Sabon mataci kuwa kango ne. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yaɗu a cikinsa, sai fa in an samo ɗan soso daga tsohon matacin wani aka saka.

Cikin kifi ake aunawa

Kwalin mataci yakan zo da rubutun cewa ya isa akwati mai lita kaza. Wannan lissafi na ƙananan kifayen ado ne. Kifin Oscar na Kudancin Amurka, wanda ke kai santimita 30, ko tarwaɗar da ta ƙoshi, abin da ɗaya ke ci a rana ya fi na gomman ƙananan, kuma naman da ake ba su shi ke komawa amoniya. Saboda haka masu kiwon manyan kifaye suka fi son injin da zai juya ruwan akwatin gaba ɗaya sau biyar zuwa goma a awa guda. Akwati mai lita 500 na buƙatar aƙalla lita 2,500 a awa.

A nan ma akwai tarko. Adadin da ke kan kwali ƙarfin injin ne shi kaɗai, kafin ruwa ya ratsa soso ya hau tiyo. Fluval FX6, ɗaya daga cikin manyan matatan da aka fi sani, injinsa na tura lita 3,500 a awa, amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa abin da ke zagayawa ta cikin matacin lita 2,130 ne. In soso ya toshe, ya ƙara raguwa.

Irin wannan mataci rufaffen bokiti ne da ake ajiyewa a ƙarƙashin akwati. Eheim ta Jamus ma ta yi suna wajen ƙera shi. Ba shi da ƙara, ba ya ɓata kallo, amma da tsada, kuma buɗe shi a wanke aiki ne, sai mutum ya riƙa ɗagawa har datti ya ruɓe a ciki. Ƙananan matatan da ake maƙalawa a jikin gilas kuwa ba su da abin yi a akwatin babban kifi.

Ga wanda ke Maraɗi ko Damagaram, inda oda daga waje kan lunka kuɗin kaya, hanyar da ta fi dacewa ita ce akwati na biyu a ƙasa. Mai yankan gilas zai iya haɗa shi, a raba shi gida uku. Ruwa ya gangaro daga sama ya fara bi ta soso mai manyan ƙofofi sannan mai ƙanana, ya wuce ɗakin bakteriya, daga ƙarshe injin ya mayar da shi sama. Ɗakin tsakiya ba sai an cika shi da kayan kanti ba. Soson roba na wanke tukwane, matuƙar ba a haɗa shi da sabulu ba, yana aiki sosai. Masu hali sukan sa ƴan robobin K1, waɗanda asalinsu aka ƙirƙira a Norway don tace ruwan masai na birane, iska tana juya su. Sai dai a bar sarari a akwatin ƙasan, domin duk sa'ad da wuta ta ɗauke ruwan da ke cikin bututu zai sauko, in babu wurin zama ya malale a tsakar ɗaki.

Zafi da ɗaukewar wuta

Shawarwarin da ake karantawa a intanet yawancinsu an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A nan labarin daban ne, kuma ba a manta da abin da ya biyo bayan Yulin 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Bakteriyan nan da iska suke rayuwa. In injin ya tsaya, rufaffen mataci yakan cinye iskar da ke cikinsa a ƴan awanni, kuma da wuta ta dawo sai ya amayar da ruɓaɓɓen ruwa kan kifi. Idan ɗaukewar ta yi tsawo, gara a buɗe shi, a tsoma kayan cikinsa a akwatin ko a buɗaɗɗen bokiti mai ruwan akwatin, a zubar da wanda ya kwana a ciki kafin a sake kunnawa. Ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir ko sola, haɗe da matacin soso, ya fi kowane kayan ado muhimmanci.

Bazara tana ƙara dagula lissafi. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuma wajen 7.5 ne kawai, alhali a lokacin kifi ya fi buƙatarta, amoniya kuma ta fi dafi. A watannin Afrilu da Mayu rage abinci yana cikin aikin tacewa.

Kifayen gida suna da nasu ruɗin. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, don haka sukan jure ruwan da ya lalace har mai su ya ɗauka komai lafiya. Irin waɗannan kifaye na Kogin Isa da Tafkin Chadi, har da kurungu da minjirya, ana sayar da su a shagunan kifin ado a Turai. Giwan ruwa kam, da ke iya wuce kilo 100, babu matacin da zai sa ta dace da falo.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne ranar wanki. Mutum ya fito da soso ya wanke shi tas a bakin famfo, kulorin da ke ruwan ya kashe abin da aka yi makonni ana reno. Ana matse soso ne a hankali a ruwan da aka ɗebo daga akwatin, kuma ba a wanke duka a rana ɗaya.

Nitirat kuwa mataci ba ya cire shi. Sai an canza kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ruwan kowane mako. Cike gurbin wanda ya ƙafe ba canji ba ne, domin ruwan ne ya tashi, dattin yana nan. Sabon ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe, ko a sa masa maganin kulorin. Kwalaben gwajin ruwa su ke faɗin gaskiya: amoniya da nitirait su tsaya a sifiri, nitirat ƙasa da miligiram 40 a lita. Tsohon ruwan da aka cire kuma taki ne, zogale da tumatir na bayan gida suna son sa.